Shawarwari Kan Tafiyar da Ƙungiyar Tarihi ta Jiha

Mahalarta tattaunawa kan ƙungiyoyin tarihi na jihohin Amurka sun nanata cewa a fayyace tun farko ko ƙungiyar hukumar gwamnati ce ko mai zaman kanta. Ta Minesota, wadda aka kafa a 1849, mai zaman kanta ce duk da tana karɓar kuɗin jiha, ta Wiskonsin kuwa ta haɗa biyun. Sun so kwamitin amintattu ya tsaya kan tsara manufa da duba kasafi, ya bar wa darakta aikin yau da kullum. Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce kada a karɓi tsohuwar wasiƙa ko hoto daga wani iyali sai da takardar kyauta mai sa hannu, domin magada kan dawo neman kayansu.