Nisan Landan zuwa Faris: wane lissafi zan kama?

Jama'a don Allah ku taimaka min, kwana biyu ke nan wannan lissafi ya tsaya min a rai. Ina son kwatanta saurin jirgin sama da na mota tsakanin Landan da Faris. Nisan kai tsaye kusan kilomita 344 ne, wato mil 214, amma a ma'aunin matuƙa jirgi ya koma mil 186, tunda nasu mil ɗin kilomita 1.852 ne. Na gane wannan. Inda na maƙale shi ne hanyar mota: akwai ramin ƙarƙashin teku mai kusan kilomita 50, inda jirgin ƙasa ke ɗaukar motar. Shin in haɗa shi cikin nisan tuƙi ko in cire? Kuma jirgin sama ma ai ba miƙe santal yake tafiya ba, to yaya zan gano ainihin tazarar da ya ci?