Muhawara: shin sabon kason faifai ya kamata ya jira tsohuwar na'ura?

Malam Sani, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Na kawo wata magana gaban wannan zaure ne domin mun yi ta ja-in-ja a kanta a wurin aiki ba mu daidaita ba. Uwar garkenmu, wato babbar kwamfutar da muke ajiye fayilolin ma'aikata a kanta, za ta koma tsarin Linux na Debian 12, kuma matasanmu suna son a kunna kason aiki a kan ext4, tsarin ajiyar fayiloli da ke kan faifanmu, wato a yanka wa kowace babbar jaka iyakarta ba tare da duba wanda ya mallaki fayil ba. Matsayina shi ne duk wani sauyin kaso da zai hana tsohuwar na'ura ɗora faifai ta yi rubutu a kansa, bai kamata a yi shi ba. Na'urarmu ta ko-ta-kwana tana kan Debian 8 mai zuciyar Linux 3.16 (zuciya ita ce ginshiƙin tsarin, wadda ke ɗora faifai ta karanta ta rubuta), an kuma bar ta haka ne saboda wata tsohuwar manhajar albashi da ba ta tashi a kan sabon tsari. Idan babbar ta mutu cikin zafin watan Afrilu, abin da muke yi shi ne mu zare faifan mu sa a waccan, aiki ya ci gaba. Fayilolin aquota.user da aquota.group, inda ake rubuta kason masu amfani da na rukuni, na'urorin biyu duk sun san su. Me zai sa in sayar da wannan kwanciyar hankali?

Hajiya Rakiya, Yamai: Wa alaikumus salam Malam. Damuwarka tana da tushe, sai dai sharaɗin da ka gindaya ya fi ƙarfin abin da masu gina tsarin kansu suka iya cikawa, kuma tarihin fayil ɗin da kake dogaro da shi ne shaida. Tsari na farko, vfsold, lambar mai amfani mai bit 16 kawai yake ɗauka. Da aka ga ya yi kaɗan sai aka kawo vfsv0, wanda ya ɗauki lamba mai bit 32 ya kuma jera bayanan a matsayin bishiya, amma ya rubuta iyakar wuri a gurbi mai bit 32 da ke ƙidaya da kilobayit, shi ya sa ba ya iya wuce terabayit 4. Faifai suka girma, aka kawo vfsv1 a Linux 2.6.33 cikin 2010 da gurabe masu bit 64. Ka duba abin da kyau: a vfsv0 bayanin mutum ɗaya bayit 48 ne, a vfsv1 kuwa bayit 72 ne. Tubalin fayil ɗin bayit 1024 ne, 16 daga ciki na kanun tubali ne, saboda haka mutum 21 ke shiga tubali ɗaya a tsohon tsari, 14 a sabo. Da tsohuwar zuciya za ta karanta sabon fayil da tsohon awo, da ta ɗauki tsakiyar bayanin wani a matsayin farkon bayanin wani, kamar mai awon hatsi da aka sauya wa tiya ba a gaya masa ba. Abin da aka yi shi ne aka ɗaga lambar sigar da ke kan fayil ɗin daga 0 zuwa 1, domin wadda ba ta san sigar ba ta ƙi taɓawa. Ba a taɓa yin alkawarin cewa tsoho zai yi rubutu a kan sabo ba. Alkawarin da aka riƙe shi ne sabo zai ci gaba da karanta tsoho, tsoho kuma zai gane abin da ya fi ƙarfinsa ya janye hannu.

Malam Sani: Hajiya, wannan misalin ni yake goya wa baya. An kawo vfsv1, amma ba a kashe vfsv0 ba, har yau zuciya ta 6.1 tana karanta shi tana rubuta shi. Idan ma na yi kuskuren sa wa mutum iyaka sama da terabayit 4 a tsohon tsari, zuciyar ba za ta datse lambar a ɓoye ba, za ta mayar mini da kuskuren ERANGE ne in san na wuce gona da iri. Ke nan an bar mini zaɓi, ni kuma na zaɓi in zauna inda na'urorina biyu suka yi tarayya. A wurinmu babu mai kason da ya kai ko gigabayit 200.

Abdul-Karim, Yamai: Baba Malam, a gafarce ni in sa baki. Shin ba fayilolin kaso na waje ne kayan aikin kaso na yanzu suke gargaɗi a kansu ba? Idan mutum ya kira quotaon, umarnin kunna kaso, a kan ext4 a sabon tsari, yakan ga saƙon da ke cewa an daina ƙarfafa amfani da su, a koma ga kason da ke cikin ext4 kanta.

Injiniya Mahamadu, Yamai: Haka ne ƙanena, kuma dalilin gargaɗin ya shafe mu fiye da mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Fayil ɗin kaso na waje, idan ba a haɗa shi da kundin sauye-sauye ta hanyar usrjquota da jqfmt ba, yakan saɓa da gaskiyar faifai duk lokacin da na'ura ta mutu ba shiri, sai an sake bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya da quotacheck kafin ƙidayar ta daidaita. Tun Linux 3.6 cikin 2012 ext4 ta mayar da kaso cikin gidanta, a ɓoyayyun inod guda biyu (inod shi ne gurbin da ke riƙe bayanan kowane fayil), na 3 na masu amfani, na 4 na rukuni, inda babu mai share su da kuskure, kuma e2fsck, manhajar duba faifai, yana gyara su tare da sauran faifan.

Amma ina so in tsaya a kan tutocin ext4, domin nan ne muhawarar take. Tutoci iri uku ne ake rubutawa a babban tubalin bayanin faifai. Akwai compat, wadda tsohuwar zuciya za ta iya kau da kai daga gare ta ta ci gaba da aiki. Akwai ro_compat, wadda ke ba ta izinin karatu kawai. Akwai incompat, wadda ke hana ta ɗora faifan kwata-kwata. Tutar quota da tutar project, wadda ta zo a Linux 4.5 cikin 2016, duk a aji na biyu aka sa su, kuma da gangan aka yi. Lambar aiki a cikin inod ɗin kowane fayil take zama, sabon fayil kuma yana gadon ta daga jakar da aka haife shi ciki idan an sa wa jakar alamar gado da chattr. Zuciya ta 3.16 ba ta san da wannan gurbi ba. Da an bar ta ta yi rubutu, da ta cika jaka da fayilolin da ba su da lambar aiki, ranar da faifan ya koma babbar na'ura kuma rahoton zai nuna sashen kuɗi yana da sauran wuri alhali ya cinye rabon wasu. Saboda haka abin da Malam yake kira cikas, shi ne abin da ke kare ƙidayarsa. A ranar gaggawa fayilolinsa suna nan, Debian 8 za ta karanta su tsaf, rubutu ne kawai za ta ƙi.

Malam Sani: Injiniya, karatu kawai ba ya biyan albashi. A ranar gaggawa ma'aikaci yana son ya buɗe takarda ya gyara ya adana. Sannan ka tsallake wani abu mai nauyi. Zuciya ce ke yin sassaucin karatu kawai, e2fsck ba ya yi. Wanda ke cikin Debian 8 na jerin 1.42 ne, bai san tutar project ba sai daga 1.43, kuma idan ya ga tutar da bai sani ba yakan tsaya ya ce a nemo sabonsa. Faifan da aka zaro daga na'urar da ta mutu ba shiri shi ne ya fi kowane buƙatar a duba shi, a ranar kuwa mai dubawar zai naɗe hannu.

Hajiya Rakiya: Wannan hujja ce ta gaskiya Malam, ban kuma ga wanda zai musa ta ba. Sai dai ta wuce batun kaso. Idan kuka tsara sabon faifai da mke2fs, manhajar tsara faifai, na Debian 12, zai fito da tutar metadata_csum ko ba ku tambaya ba, ita ma kuwa e2fsck na 1.42 bai san ta ba. Ke nan ko da kun bar kason aiki, ranar da kuka sayi sabon faifai dangantakar na'urorin nan biyu ta yanke, sai fa idan kun zauna kun kashe tutoci ɗaya bayan ɗaya lokacin tsarawa. A ganina maganin ba ya cikin hana babbar na'ura ci gaba. Sandar ajiya guda mai ɗauke da sabon tsarin ceto, a rataye ta kusa da uwar garke, ta wadatar wajen duba faifan. Manhajar albashin kuma a mayar da ita cikin na'urar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, a kan sabuwar zuciya.

Malam Ibrahim, Tawa: Ni ina tare da Malam Sani a rabin maganarsa, kuma XFS, wani tsarin ajiyar fayiloli daban da ext4, ce ta sa. A tsarinta na v4 kason rukuni da kason aiki gurbi ɗaya suke rabawa a babban tubali, don haka ba a iya kunna su tare. An warware wannan a v5 da aka ba kason aiki nasa inod, amma babu hanyar ɗaga v4 zuwa v5 a inda take, dole ne a kwashe komai, a sake tsara faifai, a mayar. An kuma sanar tun Linux 5.10 cewa za a cire goyon bayan v4 gaba ɗaya a Satumban 2030. Haka ma bigtime, tutar da ke tsawaita kwanan watan da XFS ke iya rubutawa, da ta zo a wannan sigar ta 5.10 a ƙarshen 2020. Agogon wa'adin sassauci, wato kwana 7 ɗin nan da ake ba wanda ya haye iyakar gargaɗi kafin a rufe masa ƙofa, gurbinsa bit 32 ne. Maimakon su faɗaɗa gurbin su rushe jerin bayanan, sai suka sa shi ya riƙa ƙidaya da daƙiƙa huɗu-huɗu, suka manna wa kowane bayani alamar da ke nuna da wane awo aka rubuta shi, lokaci ya miƙe har 2486. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tutar incompat ce, kuma idan ka kunna ta da xfs_admin babu komawa baya. Don haka tambayar da nake yi kafin kowane sauyi ita ce ko ana iya warware shi.

Injiniya Mahamadu: Idan wannan ne ma'aunin, ext4 ta tsallake. Ana cire quota da project da tune2fs, manhajar sauya tutocin faifai, bayan an sauke faifan, muddin sabon tune2fs ne ke hannu. Abin da nake jan hankali a kai shi ne ƙidaya da iyaka ba ɗaya ba ne. Ƙidayar abin da kowa ya ci ana sake gina ta daga fayilolin kansu a kowane lokaci. Iyakokin da shugabanni suka amince da su kuwa babu inda suke sai cikin bayanan kason, kuma cire tutar yana tafiya da su. Kafin a taɓa komai a fitar da su da repquota a ajiye a takarda da kuma wata na'ura, domin setquota yana iya mayar da su.

Malam Sani: Har yanzu ban ga abin da kason aiki zai ba ni wanda kason rukuni bai ba ni ba. Ina ba kowane sashe rukuninsa, in sa wa jakarsa alamar setgid, duk fayil ɗin da aka ƙirƙira ciki ya ɗauki rukunin.

Abdul-Karim: Baba Malam, ma'aikacin da ke cikin rukuni biyu yana iya sauya rukunin fayil ɗinsa da chgrp, nauyin ya koma kan wani sashe alhali fayil ɗin bai motsa ba. Haka kuma fayil ɗin da aka ɗauko da mv daga wata jaka a faifai ɗaya yana zuwa da tsohon rukuninsa. Sannan rukuni shi ne ke yanke wanda zai karanta fayil, to idan aka ɗora masa lissafin wuri, duk gyaran izini sai ya taɓa lissafi.

Hajiya Rakiya: Kafin mu ci gaba, Malam, ka kira dumpe2fs -h a kan faifan ka gaya mana girman inod da jerin tutocin da ke kai. Lambar aiki a ƙarin filin inod take zama, wanda ke bayan bayit 128 na farko.

Malam Sani: Na duba. Girman inod 128 ne, domin tun zamanin ext3 aka tsara faifan, daga baya aka mayar da shi ext4. Babu flex_bg a jerin tutocin.

Injiniya Mahamadu: To ai tune2fs ba zai ma yarda ya kunna project a kan wannan faifan ba sai an faɗaɗa inod zuwa 256. Tunda babu flex_bg, zaɓin -I na tune2fs zai iya yin hakan, amma aiki ne da ke motsa tubalan bayanai masu yawa, idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa faifan na iya lalacewa, don haka ba na ba da shawarar a yi shi ba tare da cikakken kwafin ajiya da batir mai riƙe na'ura ba. Ga kuma wani abu, Malam: inod mai bayit 128 ba ya iya rubuta kwanan wata bayan 19 ga Janairu 2038, ko da kaso ko babu. Debian 8 tana karanta inod mai 256 tana rubuta shi ba matsala, saboda haka faɗaɗawar ita kaɗai ba ta karya sharaɗinka.

Malam Sani: Faɗaɗa inod na yarda da shi, kuma na fi son a yi shi ta hanyar sabon faifai da kwafi maimakon -I. Tutar project kuwa ba zan kunna ta ba sai na ga manhajar albashin ta fitar da lissafin wata guda daidai a cikin na'urar kwaikwayo. Hajiya, ki turo mini jerin tutocin da zan kashe a mke2fs domin e2fsck na 1.42 ya karɓi sabon faifan.