Shawarwarin da aka ba matasan Aboabo

A zaman da dattawa da matasa suka yi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, maganar siyasa ce ta fi ɗaukar lokaci. Dattawan sun tuna wa yaran cewa mulki ya koma hannun jam'iyyar NPP a zaɓen 2016, ya dawo wa jam'iyyar NDC a na 2024. Duk saurayin da ya jingina rayuwarsa da ɗan takara, yana bin ayari don kuɗin mai da riga, to ranar da jam'iyyar ta faɗi shi ma ya faɗi. Suka ce a yi zaɓe, a tambayi ɗan majalisa abin da ya yi wa zango, amma abincin mutum ya fito daga hannunsa.

Wani makanike daga Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ya ce motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. "'Ya'yana, kada injin ya ba ku tsoro, ku koye shi," in ji shi. A ganina wannan ce maganar da ta fi amfani, domin yaro ɗan makarantar allo da ya haddace izu sittin ba zai kasa karanta na'ura ba, raina kansa kawai yake yi.

Iyaye mata sun nemi 'yan mata su kammala sakandare, tunda kyauta ce tun 2017. An kuma gargaɗi masu sana'ar MoMo, wato aikawa da karɓar kuɗi ta waya, kan 'yan damfarar da ke kira suna neman lambar sirri.