Neman kalma: me za mu kira "route" da "gateway"?

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Darasin Litinin nake shiryawa kan ƙara "route" a Windows da Linux, wato gaya wa kwamfuta inda za ta bi da saƙo ya isa wani rukunin kwamfutoci. "Hanya" ta yi min faɗi, ga kuma "gateway" da "metric". A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malama. Ki ce turba, don "hanya" takan nufi dabara ma. Gateway kuwa mafita ce. Duba: route -p add 192.168.2.0 mask 255.255.255.0 192.168.1.1, wato duk saƙon da za shi rukunin lambobin 192.168.2.0 (mask ke nuna faɗin rukunin) ya fita ta 192.168.1.1. In babu -p, ana sake kunna kwamfuta turbar ta ɓace. Kuma sai da ikon admin.

Ɗan Damagaram: Mafita ba ta kama ba. Lambar nan ta na'urar gaba ce kawai, daga can a sake miƙawa. Zango ke nan. A Linux: ip route add 192.168.2.0/24 via 192.168.1.1 dev eth0. Dole zangon ya zama cikin sabnet ɗinka, wato rukunin lambobin da kwamfutarka ke ciki, in ba haka ba umarnin ba zai karɓu ba. Rauta kuma, wato na'urar da ke tura saƙo tsakanin rukuni da rukuni, madugu.

Injiniya: Madugu da ayari yake tafiya. Rauta na zaune wuri guda, teburin turbobi yake dubawa ya tura.

Dattijo: Sabnet! Rauta! Wannan ce Hausar da za a koya wa yara? Madugu ya fi, ko ba komai namu ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe, je kasuwar Farm Centre ta Kano ka ce a ba ka madugu, mu ga abin da za ka dawo da shi.

Ɗan Damagaram: Hausa ba a Kano kaɗai take ba, Yallabai.

Malamar Kwamfuta: Don Allah, metric fa?

Injiniya: Tsada, wato lambar da ake ba kowace turba. In turba biyu suka nufi wuri ɗaya da mask iri ɗaya, mai ƙaramar lamba ake bi. Amma turbar /24 (mask 255.255.255.0, ƙaramin rukuni) tana gaba da ta /16 (babban rukuni) ko da ta fi tsada. Ki kuma ja kunnensu: in ɗaya ɓangaren ba shi da turbar dawowa, ping, wato saƙon gwaji, zai tafi, amsa ba za ta zo ba.

Malamar Kwamfuta: Na ɗauki turba, zango da tsada. Rauta na bar shi yadda yake.

Dattijo: To. Ni dai a ajina madugu zan ce.