Wane suna za mu ba sandunan nan na masu hawan tsauni?

1/
Jama'a, a taimaka min da wata kalma. Ina cikin rubutu kan doguwar tafiyar ƙasa a tsaunuka sai na ci karo da abin da Bature ke kira trekking poles. Da farko na sa "sanda" na wuce. Da na dawo na karanta, sai na ji bai zauna ba.

2/
Ga wanda bai taɓa ganinsu ba: biyu ne, ɗaya a kowane hannu. Da alminiyom ake yin su ko da zaren kabon, ba su da nauyi, kuma gaɓa-gaɓa ne, kana iya ja su yi tsawo, ka tura su koma gajeru. Akwai mariƙi, akwai maɗaurin wuyan hannu, a ƙasa kuma tsini mai taurin gaske. Makiyayan tsaunukan Alps na Turai sun daɗe da doguwar sanda guda mai bakin ƙarfe, amma irin wannan da ake ƙara wa tsawo, kamfanin Leki na Jamus ne ya fito da ita a 1974.

3/
Wani malami ya ce a kira su kwagiri. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda ba. Da an ce kwagiri, dattijo mutum zai hango, ko mai ciwon ƙafa. Masu riƙe waɗannan kuwa galibi lafiyarsu ƙalau, gwiwarsu suke tattali tun kafin ta lalace. Wanda ya taɓa gangaro dutse da kaya a baya ya san hawa ba shi ne wahalar ba, saukowa ce. Kowane taku nauyinka da na jakarka a kan gwiwa yake sauka. Sandunan nan suna karɓe wani kaso su miƙa wa hannuwa da kafaɗu. Shi ya sa ake rage musu tsawo wajen hawa, a ƙara wajen gangara, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma a daidaita su yadda gwiwar hannu za ta yi kusurwa mai digiri 90.

4/
Gora da kulki kam a bar su. Ba faɗa za mu je ba.

5/
Wata yayarmu ta kawo "madogara". Yaya, gaskiya wannan ta ja hankalina, na kwana ina juya ta. Tana da daɗin faɗa, kuma ta kama rabin aikin: wajen tsallake rafi, ko kan tsakuwa mai zamewa, ko cikin taɓo, mai ƙafa biyu ya zama mai huɗu. Matsalarta ita ce ta riga ta yi aure a wani gidan. Marubuci in ya ce madogara, littattafan da ya jingina da su ake nufi.

Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna. Dogaron shi ne babban aibin abin. Kwamitin likitoci na ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta duniya, UIAA, ya yi gargaɗin cewa wanda kullum sai da sanduna yake tafiya, jikinsa na iya rage ƙwarewa wajen daidaita kansa. Ranar da ya iso inda sai an kama dutse da hannu, sandunan sun zama kaya, ƙafar kuma ta saba da tallafi. Ban so sunan ya riƙa kwaɗaita wa mutane abin da ake ce musu su yi hattara da shi.

6/
Tunda an zo kan aibi, ba shi kaɗai ba ne. Hannu biyu duk a cike, ko ruwa za ka sha sai ka tsaya. In ka faɗi maɗaurin na wuyan hannunka, ba ka iya yar da sandar, sai a samu targaɗe a babban yatsa. Ta alminiyom lanƙwashewa take yi, ta kabon kuwa ba ta gargaɗi, ɓas take karyewa. Tsinin yana karce duwatsu yana tone gefen hanya, shi ya sa ake sa masa hular roba.

7/
To ni dai na tsaya a kan "sandunan tattaki". Tattaki doguwar tafiyar ƙasa ce da mutum ya ɗaura wa niyya, ba zagayen bayan gida ba. Jam'in ya nuna ba guda ba ce, in kuma ɗaya ta ɓace sai ka ce sandar tattakina. Wani ya so a ce "tagwayen sanduna", amma masu gudun kan ƙanƙara ma tagwaye suke riƙewa, ka ga ba a bambanta ba. "Sandunan hawan dutse" kuma ta ƙuntata, don ana tafiya da su a daji da fili.

8/
Saura guda ɗaya da ta gagare ni. Sama kaɗan da tsinin akwai wani ɗan zagayayyen abu na roba da ke hana sandar nutsewa a laka ko dusar ƙanƙara. Na sa masa "faifan sanda" kafin a samu wadda ta fi. Mai wata kalmar, bismillah.