Katin gwal ɗin nan na jirgi, har yanzu kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Abu_Hanif_Gwarinpa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba hawa jirgi zuwa ƙasashen waje, abin ya fara damuna wallahi. Shekara uku ke nan ina manne da kamfanin jirgi ɗaya, ba zan kama suna ba, duk inda aiki ya tura ni da su nake tafiya ko da akwai mai araha a gefe, don kawai in riƙe katin gwal ɗinsu, wato matsayin da suke ba wa masu yawan tafiya da su. Bana sau uku ina saka makin da na tara a tafiye-tafiye ina neman a ɗaga ni daga ikonomi zuwa bizines, sau ukun nan ana jefa ni jerin jira, ko sau ɗaya bai fito ba.

Na ƙarshen nan shi ya fi ƙona min rai. Tafiyar dare ce, awa goma da wani abu bayan an yada zango, ga ciwon baya da nake fama da shi, na saka buƙata tun saura sati uku, kullum in na idar da asuba sai na buɗe manhajarsu na duba taswirar kujeru, biyar a gaba babu kowa amma ni ina nan a jira. Ana gobe tafiya sai ga saƙo a wayata wai in ina so in biya dala kaza a ba ni kujerar. Wato kujera tana nan, da maki ne dai ba za a ba ni ba.

To yanzu saura min tafiyar mil wajen dubu shida in sabunta katin kafin ƙarshen Disamba, kuma ba ni da wata tafiyar aiki a gaba. Har na fara tunanin in yanki tikiti in je in dawo kawai don ya cika. Uwargida ta ce in rufa wa kaina asiri ga kuɗin makarantar yara na tafe a Janairu. Ku da kuka san harkar, in yi ko in haƙura?

Malam_Sani_Wuse2:

Wa alaikumus salam Alhaji. Na yi shekaru a ofishin sayar da tikiti, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki. Kujerar da kake gani fanko a taswira ba ta nufin an sake ta ga masu maki. Kowane jirgi an kasa kujerunsa aji-aji, kowane aji da harafinsa, bizines mai cikakken kuɗi shi ne J ko C, ikonomi mai cikakken kuɗi Y, sannan akwai wani harafi daban da aka ware na masu neman ɗagawa da maki, kuma kwamfuta ce ke buɗe shi ko ta rufe gwargwadon yadda ta hango za a saya. In ta hango akwai mai zuwa da kuɗi a hannu ana saura kwana biyu, ba za ta saki ko ɗaya ba.

Sai maganar layin kansa. Ba wanda ya riga zuwa ake fara ba wa ba. Ana duba matsayin katinka tukuna, mai filatinam yana gaban mai gwal ko da jiya ya saka suna, sannan harafin tikitin da ka saya, lokacin da ka nema shi ne kusan na ƙarshe. Ka duba tikitinka ka ga harafin da ke jiki, in ofis ne ke yankar maka to na san mafi araha suke ɗauka, kuma wasu haruffan ma ba a ɗaga su sam. A tsarin Star Alliance, wato ƙawancen wasu kamfanonin jirage, in za ka ɗaga kujera da makin wani kamfani a jirgin wani, galibi sai tikitin Y ko B, waɗanda kuɗinsu ya kusa kamo bizines mai rangwame.

Kuma mu nan muna da namu ciwon. Lokacin da kuɗin kamfanonin waje ya maƙale a Najeriya a 2022 da 2023 saboda ƙarancin dala, da yawansu suka rufe mana ƙananan haruffa, wato tikitoci masu araha, Emirates ma ta tattara ta tafi sai Oktoban 2024 ta dawo Legas. Mutane suka riƙa sayen tikiti mai tsada dole. Ni dai shawarata kar ka yi tafiyar banza saboda kujerar gaba, ba ita katin ke ba da tabbacinta ba tun asali.

Hajiya_Maman_Ummi_Jos:

Malam Sani ya faɗi gaskiya amma Alhaji kar ka yi saurin yar da katin nan, ka fara duba me kake ɗauka in za ka dawo. Ni ban taɓa sa rai da bizines ba wallahi, ba shi ya kai ni ba. Ina zuwa Guangzhou saro jakunkuna da takalma da mayafai, manyan kaya kago suke bi amma sabbin samfuri da na kwastomomin da suka matsa a hannu nake dawowa da su, kuma katin gwal na Star Alliance yana ba ni ƙarin akwati ɗaya kyauta a kan na kowa. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban sikeli tana ciro takalma daga wannan jaka tana cusawa a waccan mutane na kallonta ta san darajar akwatin nan. In na lissafa kuɗin awon da zan biya a tafiya huɗu a shekara, katin ya biya kansa har da riba.

Sannan ku na Abuja kuna fitowa daga gida ne fes. Mu kuwa sai mun taso daga Jos da sassafe, mu bi Akwanga da Keffi, mu sha cunkoson Mararraba, kafin mu isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe jiki ya gama yin laushi. A ce ka iso ka wuce dogon layin nan kai tsaye zuwa kantar masu kati, ka samu falon jira ka zauna ka sha shayi ka caja waya ka yi sallarka a natse, har ka shiga da mutum ɗaya, ni ƙanwata nake shiga da ita in mun yi tafiya tare, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai shekaruna.

Abin da ya fi tsaya min a rai, bara jirginmu ya makara muka rasa na biyun a inda muka yada zango, ƙarfe ɗayan dare, layin masu neman a canza musu jirgi ya kai mutum ɗari, ga mata da goyo zaune a ƙasa. Na nuna katina aka kai ni wani tebur daban, kafin rabin awa an ba ni jirgin safe da ɗakin kwana. Wata baiwar Allah da muka taso tare sai bayan kwana biyu ta iso, har yau in na tuna ina jin ba daɗi don na so a haɗa mu aka ce ba zai yiwu ba.

Dr_Bash_Houston:

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Alhaji abin da ka gani somin taɓi ne, ka zo Amurka ka ga jerin jira. Nan ne aka ƙirƙiro harkar kati da makin nan, American Airlines ta fara nata tsarin a 1981, kuma nan ne ake ɗaga masu kati kyauta a jiragen cikin gida. A bakin ƙofar shiga akwai allo da ke nuna haruffa uku na farkon sunan mahaifi, ran Litinin da safe sai ka ga suna arba'in ko fiye suna jiran kujera biyu, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Masu kati sun yi yawa, lokacin korona an yi ta tsawaita wa mutane matsayi ba tare da sun tashi ba, ga masu samu ta katin banki, su kuma kamfanonin sun gane gara su sayar da kujerar da rangwame ta waya da su bayar kyauta.

Kuma lissafin ya koma kan kuɗi. Delta tun 2024 abin da ka kashe kawai take dubawa ba nisan da ka yi ba, British Airways ma ta bi sahu a Afrilun 2025, gwal ɗinsu sai ka kashe wajen fam 20,000 a shekara. Mai karɓar albashi da naira ya lissafa wannan. Turkish dai har yanzu mil 40,000 cikin wata goma sha biyu ke ba ka Elite, wanda gwal ne a Star Alliance, kuma yana shekara biyu. In zan dawo Abuja da zama irin wannan zan nema.

Sadiq_Lugbe:

Yallaɓai ni ƙaramin ku ne amma don Allah a yi haƙuri in ce wani abu. Shekara uku kana ƙin mai araha, ka taɓa tara bambancin kuɗin nan ka gani? Ina jin da ya saya maka bizines sau ɗaya ko biyu da kuɗinka ba tare da ka roƙi kowa ba. Daga Abuja akwai Ethiopian, Turkish, Qatar, EgyptAir, Lufthansa, ni duk wanda ya fi sauƙi ranar shi nake bi. Makin da ka tara kuma kar ka bar shi ya kwana, darajarsa raguwa take yi, a wasu kamfanonin ma yana mutuwa. Ni da nawa na yankar wa Mama tikitin Umara zuwa Jidda, haraji kawai na biya, ranar da na kai mata takardar kuka ta yi.

Abu_Hanif_Gwarinpa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Malam Sani na duba tsofaffin tikitocina yanzun nan, duka ukun ƙananan haruffa ne kamar yadda ka ce, ashe tun farko ina can ƙasan layi ban sani ba. Hajiya ni jaka ɗaya nake tafiya da ita daga kwamfuta sai kaya kala uku, ƙarin akwatin nan ban taɓa amfani da shi ba ko sau ɗaya, falon ne kawai zan yi kewa. Tafiyar Disamba na fasa. Sadiq ƙanena maganar Umara ta shige ni, Hajiyarmu ta daɗe tana ambata. Malam Sani in ina so in samar mata kujera da maki a watan Sha'aban, tun yaushe ya kamata in fara nema?

Malam_Sani_Wuse2:

Tun yau Alhaji. Kujerun maki na hanyar Jidda da Madina su ake fara kwashewa in azumi ya matso, ka duba ranakun tsakiyar mako, kuma in ba ka samu Jidda ba ka gwada Madina ta fara da ziyara.