Wa ya taɓa cire sunansa daga rabon bayanan asibiti a Ingila? A ba mu labari

Maman Biyu, Bradford

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shekarata biyu a ƙasar nan, aikin kula da tsofaffi nake yi. Jiya da daddare wata ƙawata ta turo mini saƙon murya na minti bakwai, irin wanda ya zaga duniya har ya gaji, wai kowa ya yi maza ya cike takarda ya kai wa GP, wato likitan unguwa da mutum ya yi rajista da shi, kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za a sayar wa wani kamfanin Amurka fayil ɗinsa. Kwana na yi ina juyi. Akwai abin da na faɗa wa likita bara wanda ko Hajiyarmu ban faɗa wa ba. Da safe na shiga manhajar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, na ga wurin da ake zaɓa, har na kai yatsa sai na tsaya. In na cire, ranar da na yanke jiki a wurin aiki aka kwashe ni sai asibiti, za su san maganin da nake sha? Don Allah wanda ya taɓa cirewa, ko wanda ya duba ya fasa, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. Ban da ji-ta-ji-ta.

Tsohon Zama, Leeds

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Kwantar da hankalinki, babu wani wa'adin ƙarshen wata. Wannan saƙon na 2021 ne, har yau bai mutu ba. A lokacin hukumar lafiya ta shirya fara kwasar bayanan marasa lafiya daga ofisoshin GP ranar 1 ga Yuli, aka ce mai son cirewa ya kai takarda kafin 23 ga Yuni. Yawancin mutane a jarida suka ji. Sama da mutum miliyan ɗaya suka cire sunansu cikin 'yan makonni, sai aka ɗaga zuwa Satumba, daga baya aka ɗage ba tare da sa rana ba. Ni ina cikin waɗanda suka bi layi. Na buga fom ɗin a laburare, na cike nawa da na iyali, na kai, matar da ke karɓar baƙi ta jefa shi cikin wani kwali da ya cika har yana zubowa.

Kuma ba shi ne karon farko ba. Waɗanda suka daɗe za su tuna care.data, wani shirin kwasar bayanan marasa lafiya da aka yi kafin wannan. A farkon 2014 aka riƙa zuro mana takardar bayani ta ƙofa tare da tallan fiza, mafi yawanmu shara muka zuba. An yi ta rigima har aka binne shirin a 2016. Shi ya sa ko yaushe aka taɓo zancen sai jama'a su zabura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Anti Nas, Manchester

Ƙanwata, ƙofa uku ce, kuma kowace da makullinta. Rashin rarrabe su ne ke jefa mutanenmu cikin wahala.

Wadda kika gani a manhaja sunanta National Data Opt-out, tun Mayun 2018 take. In kin danna, kin hana a ba da bayanan da za a iya gane ki da su don bincike ko tsare-tsare. Ba ta taɓa jinyarki ko kaɗan, likitan gaggawa zai ga abin da ya saba gani. Kina iya komawa ki canza ra'ayi gobe. Yaro ɗan shekara 13 shi ke zaɓa wa kansa, na ƙasa da haka iyaye ke cike musu fom. Ta biyu ita ce wadda Tsohon Zama ya kai wa GP, Type 1, ita tana hana bayanin fita daga ofishin GP ɗin tun farko sai don jinyarki. Ta ukun fa, Summary Care Record, ita ce taƙaitacciyar takardar da ke ɗauke da magungunanki da abin da jikinki ba ya so. Ita muke buɗewa in an kawo mutum cikin dare, bayan mun nemi izininsa, in kuma ba ya cikin hayyacinsa mu buɗe mu rubuta dalili. Wannan ban taɓa ba wa kowa shawarar rufe ta ba.

Ni kaina na rufe ta farko, na bar ta uku a buɗe. Amma kada wani ya ɗauka danna maɓalli ya ɓoye shi gaba ɗaya. In an goge suna da alamomin gane mutum, ana amfani da bayanin duk da haka. In kotu ta nema, ko cuta ce mai yaɗuwa irin tarin fuka, doka ta ba da dama. Kuma wannan tsarin na Ingila ne, 'yan uwanmu na Glasgow da Cardiff nasu daban.

Baban Sikila, Landan

Anti, da na ji wannan bayanin naki tun 2021 da ban sha abin da na sha ba. Ni duk takardar da na gani da kalmar cirewa a kanta sai da na sa hannu, har da ta ukun, tawa da ta yara. Na dawo gida ina jin na yi abin kai.

Bayan wata takwas muka tafi suna Birmingham ni da babban ɗana, mai sikila. Uwarsa na gida da jariri. Wajen ƙarfe biyun dare ciwon ya tashi, ga zazzaɓi. Duk mai ɗa mai sikila ya san yawancinsu kullum suna shan penisilin, to shi nawa jikinsa ba ya karɓa, wani aka canza masa. Nas ta tambaye ni sunan maganin. Wallahi kwalbar nan ni nake ɗauko ta daga firij kullum, amma a daren nan sunan ya ɓace mini fes. Ta juya ga kwamfuta, ta duba, ta juyo da allon ta ce babu komai, an rufe. Na ce wa ya rufe? Ta dube ni kawai. Yaro na murƙususu yana kiran Abba, ni ina buga wa uwarsa waya tana barci. A kira na biyar ta ɗauka, ta ɗauki hoton kwalbar ta turo. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Ranar Litinin da sassafe ina ƙofar GP kafin su buɗe. Sauran biyun dai har yau ban buɗe ba, kuma ba ni da niyya.

Ɗan Gwagwarmaya

Ni ban sa garin da nake ba, kun san dalili. Ku masu takardu cikakku kuna maganar kamfani da bincike. Mu tsoronmu ofishin shige da fice ne, kuma ba mafarki muka yi ba. A 2017 aka fito da yarjejeniyar da ta nuna ɓangaren bayanai na NHS na miƙa wa Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da shige da fice, suna da adireshin mutanen da ake nema kan takardun zama. Sai da likitoci da 'yan majalisa suka tayar da ƙura aka taƙaita ta a Mayun 2018, aka janye ta kafin ƙarshen shekarar. A lokacin ina tsakanin biza da biza, lauya na ta kai da kawo. Na yi wata bakwai ina tari ban je ko'ina ba, zuma da citta kawai. Da na je daga baya aka ce saura kaɗan. Abin da na gano a makare shi ne rajista da GP ba ta buƙatar fasfo ko shaidar zama. Amma bashin asibiti da ya kai fam 500 in ba a biya ba ana kai rahotonsa, kuma yana iya ɓata wa mutum neman biza. Wannan babu maɓallin da ke hana shi.

Tsohon Zama, Leeds

Allah ya ƙara lafiya ɗan uwa. Kan kamfanin Amurka da Maman Biyu ta ambata, akwai ƙamshin gaskiya. Palantir ne, an ba shi kwangilar fam miliyan 330 a Nuwamban 2023 ya gina rumbun da zai haɗa bayanan asibitoci. Hukuma ta ce ba sayarwa aka yi ba, kamfanin ba shi da ikon amfani da su don kansa. Masu adawa suka ce kamfani ne da ya yi suna wajen yi wa sojoji da jami'an leƙen asiri aiki. Ni dai ban yarda da su ba, amma ba zan yi ƙaryar cewa na ga an sayar da fayil ɗin wani ba.

Uwar Gida

Ku yi haƙuri, ni ba zan faɗi gari ba. Duk kuna kallon nesa. Ni asirina ba kwamfuta ce ta tona shi ba, mutum ne mai jin Hausa.

Shekarar da na zo Turancina bai taka kara ya karya ba, sai aka haɗa ni da tafinta ta waya. Shekara shida da aure ba haihuwa, aka yi gwaje-gwaje, sakamako ya nuna matsalar ba daga wajena take ba. Likita na faɗa, muryar na fassarawa. Tun daga gaisuwa na ji kamar na san muryar, amma kunya ta hana ni cewa a canza. Bayan sati uku a wajen walima wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, 'yar nan ki yi ta haƙuri da shi, ai ba shi ya ɗora wa kansa ba. Kofin zoɓo ne a hannuna, ban san lokacin da ya zube mini a zani ba. Maigidana ya fi wata biyu bai je masallacin unguwa ba. Mu nawa ne masu Hausa a garin? Ba mu cika bas biyu ba.

Yanzu kafin a fara sai na tambayi sunan tafinta da garin da yake. In ban natsu ba na ce a kawo wani, kuma ana kawowa. Ban san ina da wannan haƙƙin ba sai da ta faru.

Anti Nas, Manchester

Innalillahi. Sannu 'yar uwa, wannan cin amana ne kuma kina da ikon kai ƙara ko yanzu. Tunda kin buɗe wannan babin bari in ƙara. Tun ƙarshen 2023 yawancin mutane na ganin abin da GP ya rubuta a kansu cikin manhaja. Abu ne mai kyau, sai dai a gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Sau nawa mace za ta ce mini maigida ne ya buɗe mata manhajar, lambar sirrin ma shi ya sani? Ko ɗanta ɗan sakandare ne ke karanta mata saƙon asibiti? In akwai ganawar da ba kya son ta fito a waya, ki faɗa wa likita a lokacin, yana iya ɓoye ta daga manhajar ba tare da ta fita daga fayil ba. Kuma mu ma'aikata duk fayil ɗin da muka buɗe, katinmu na barin sawu. Na san wadda ta rasa aikinta saboda ta leƙa na maƙwabciyarta.

Malamin Lissafi, Nottingham

Bari in zama bare a cikinku. Ni ban cire komai ba, da gangan. Aikina kenan, lissafin bayanan lafiya, kuma abin da ke zuwa gabana lambobi ne, ba na ganin sunan kowa. Ta yaya aka san mata baƙaƙe a ƙasar nan sun fi fararen mata mutuwa wajen haihuwa, har akwai shekarun da rahoto ya nuna kusan ninki huɗu? Tattara fayiloli aka yi aka ƙirga. Na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, sai da aka kwatanta bayanan dubban marasa lafiya a Amurka a 2020 aka tabbatar tana yawan kuskure a kan baƙar fata. In duk muka fice, za a yi ta tsara magani da awon jikin wasu, mu kuma mu zo muna kuka an manta da mu.

Baban Sikila, Landan

Malam, maganarka gaskiya ce, amma amana ake fara ginawa kafin a nemi kaya. A Yunin 2024 'yan kutse sun shiga Synnovis, kamfanin da ke gwajin jini wa manyan asibitocin kudu maso gabashin Landan, aka soke tiyata da yawa, suka kuma watsa bayanan mutane a intanet. Wanda ya kasa tsare wanda ke hannunsa, da wane baki zai ce in ƙaro masa?

Malamin Lissafi, Nottingham

Ai ka kawo mini hujja ne Baba. Waɗancan bayanan na jinya ne, wanda ya cire da wanda bai cire ba duk ɓarawo bai tambaya ba.

Yayar Marayu, Kano

Ina ta karatu ina dariya, ku gafarce ni. Ku har maɓalli gare ku. Mu nan fayil ɗinka masinja ne ke rungume da shi daga kati zuwa ɗakin likita, in ya ga dama ya buɗa a hanya. Rannan na sayi ƙosai a bakin wani asibiti, takardar da aka naɗe mini sakamakon gwajin wata baiwar Allah ce, ga suna ga shekaru, mai ya jiƙa rabin. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana bayyana sirrin majiyyaci, an kuma sa hannu a dokar kare bayanai a 2023. Mai ƙosai dai ba ta samu labari ba. Na yayyaga takardar na jefa a murhunta.

Maman Biyu, Bradford

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na danna ta farko, ta uku na bar ta yadda take. Fom ɗin GP na buga shi yana cikin jaka, maganar Malamin Lissafi ta sa ban kai ba tukuna. Uwar Gida, saƙonki ne ya hana ni cin abincin rana. Na tuna ranar da na yi rajista wayata ba ta fara aiki ba, sai na ba su lambar matar yayana, kuma ban taɓa canzawa ba. Shekara biyu duk saƙon asibitina ita ke turo mini. Gobe ina da aikin safe, in na tashi ƙarfe biyu can zan wuce kai tsaye. Anti Nas, canza lambar sai na je da kaina ko ana yi ta manhaja?